Noman kabeji a lokacin sanyi: yadda za mu tsare shi daga tsutsa

Kabeji, wanda a nan Nijar ake kira shu, ba ya son zafi. Lokacinsa shi ne daga ƙarshen damina zuwa ƙarshen hunturu. Idan muka zuba iri a watan Oktoba ko Nuwamba, zai ƙulla kai kafin zafin Maris ya sauko. Wanda ya makara zai sha wahalar ɗibar ruwa a famfo, ya tashi da ganye ba kai.

Muna fara rainon iri a ɗan fangali mai ruɓaɓɓen taki. Bayan kwana 25 zuwa 30, idan ya yi ganye huɗu ko biyar, sai mu dasa shi da yamma, mu bar kamu ɗaya tsakanin kowane tushe. Wanda ba shi da fili zai iya dasa tushe ɗaya ko biyu a buhun da aka cika da ƙasa da taki.

Tun a wurin raino ake fara asara. Akwai tsutsar da ke shiga tsakiyar tsiro ta cinye tohon da zai zama kai. Shukar ba ta mutuwa, sai dai ta yi ta fitar da ƙananan rassa marasa amfani. Maganinta shi ne a hana uwar sauka ta yi ƙwai: mu rufe fangalin da tsohon gidan sauro, mu ɗinke inda ya yage, mu danne gefensa da ƙasa. Tsoho muka ce. Sabon da aka raba na kwanan yara ne.

Bayan dashe, babbar abokiyar gaba ita ce wata ƙaramar koriyar tsutsa da ke ɓuya a ƙarƙashin ganye. Tana kankare ganyen ta bar shi shara-shara, kuma da an taɓa ta sai ta zille ta rataya da zare. Saboda haka kallon fangali daga tsaye ba dubawa ba ne. Sau biyu a mako mu tsuguna mu juya ganye, mu murƙushe abin da muka gani. A ƙaramin lambun gida wannan kaɗai yana rage ɓarna sosai.

Idan ta yi yawa, ko darɓa ta kama ganye yana nannaɗewa, ga 'ya'yan dogon yaro. A bushe su, a daka rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana. Washegari a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye, a yi feshi da yamma, musamman ƙarƙashin ganyen. Ba ya kashe tsutsa nan take, yana hana ta ci ne da girma, don haka kada mu ce bai yi aiki ba. A maimaita kowane mako, kuma a haɗa sabo kowane karo.

Maganin da ake sayarwa a kasuwa cikin kwalba marar takarda, irin su fiya-fiya, kada ya kusanci kabeji. Ganyen da aka fesa shi za mu ci, wani lokaci ma ɗanye, kuma wannan tsutsar tana saurin sabawa da guba. Duk wanda ke da irin kwalbar a ɗaki ya nisanta ta da yara da jarkar ruwa.

Bayan mun yanke kai, mu tumɓuke tushen da ragowar ganye mu ba dabbobi. A wannan fangalin, baɗi mu sa albasa ko karas.