Kwamfutar Da Ta Yi Kira Ba A Amsa Ba

A cikin kwamfuta akwai wata 'yar na'ura, watau katin sadarwa, shi ne manzonta zuwa intanet. In ya kai saƙo amsa ba ta zo ba cikin lokacin da aka yanka, sai kwamfuta ta ce wa'adi ya ƙare. Ta haka rahoton hakimi kan maƙale bai isa fadar Katsina ba.

Kada magatakarda ya yi garaje. Da fari ya duba 'yar fitilar da ke bakin ramin waya. In ba ta ci, watakila waya ta saki ko ta tsinke. Tsawonta kuwa kada ya wuce mita 100. Sa'an nan ya kakkaɓe ƙurar hunturu, ya kashe kwamfuta da na'urar rarraba intanet, ya sake kunnawa. In abin ya ci tura, ya hana Windows kashe katin don tsimin wuta, ya sabunta manhajar da ke sarrafa shi.

Amma fa in dukan kwamfutocin ofis suka yi shiru, laifin ba na kati ba ne. A 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga. Saboda haka hakimi ya bincika tukuna kafin ya ba da kuɗin gyara.