DARASI: Ƙwadago Ya Shiga Waya, Wa Zai Kare Mai Yinsa?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san ba fatake da dillalai kaɗai ke cin abinci a cikinta ba. Akwai 'yan dako, da 'yan lodi masu ɗora shanu a tirela, da 'yan ga-ruwa, da 'yan acaɓa. Da kaka kuma, a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar akwai masu yankan riɗi da masu ɓarar zoɓo. Duk waɗannan ba su da albashin wata. Aiki ɗaya, biya ɗaya. In an yi a samu, in ba a yi ba sai haƙuri. Wannan shi ne ƙwadago, kuma ba baƙo ba ne a ƙasar Gumel.

Abin da yake sabo shi ne yanzu ƙwadago ya shiga wayar salula. Darasin wannan wata zai duba yadda wannan aiki yake, da irin kariyar da mai yinsa yake da ita.

Dillalin da ba a ganinsa

A kasuwar shanu, dillali ne yake haɗa mai saye da mai sayarwa, ya karɓi la'adarsa. Haka kamfanin manhaja yake. Mai neman mota zai taɓa wayarsa, manhaja ta haɗa shi da direban da yake kusa. In an sauke fasinja, kamfani ya cire kamashonsa, wanda a manyan kamfanoni yakan kai kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari.

Kamfanin Uber ya fara aiki a Legas a 2014. Bolt, wanda a lokacin ake kira Taxify, ya biyo baya a 2016. Daga nan aka sami masu kai saƙo da abinci a kan babur. Matasan Arewa da yawa masu zuwa cin rani sun shiga irin wannan sana'a.

A garuruwan Gumel da Maigatari kuwa, wanda aka fi gani shi ne mai POS. Yana karɓar na'ura daga kamfani irin su OPay ko Moniepoint, ya zuba jarinsa, ya zauna a rumfa yana ba mutane kuɗi. Sana'ar ta ƙara yaɗuwa a farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi.

Amma akwai bambanci tsakanin dillalan biyu. Dillalin kasuwa ana ganinsa, ana ciniki da shi, in ya yi ba daidai ba a kai shi gaban sarkin kasuwa. Kamfanin manhaja shi yake yanke farashi, shi yake yanke kamasho, kuma yana iya rufe wa direba manhaja ba tare da sun zauna ba.

Ma'aikaci ko abokin hulɗa?

A nan gizo yake saƙa. Dokokin Nijeriya sun tanadi haƙƙoƙi ga wanda aka ɗauka aiki. Dokar Ƙwadago ta ce a ba shi takardar sharuɗɗan aiki cikin wata 3, da hutun kwana 6 da biya bayan ya shekara. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi a asusun NSITF, domin a biya wanda ya ji rauni ko iyalan wanda ya rasu a bakin aiki. A 2024 kuma an mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata.

To, kamfanonin manhaja ba su kiran direba ma'aikaci. Suna kiransa abokin hulɗa mai cin gashin kansa. Da wannan suna, duk haƙƙoƙin nan sai su wuce shi. Dokar mafi ƙarancin albashi ma ba ta shafi wanda ake biya da kamasho ba, ko ɗan ƙwadagon gona na ɗan lokaci. A 2017 wasu direbobi sun nemi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta ce su ma'aikatan Uber da Taxify ne. Kotu ta kori ƙarar, domin ba su kawo isassun hujjoji ba.

Ma'anar wannan ita ce, in mota ta lalace, na direba ne. In ya yi haɗari ya kwanta, ba mai biyansa. In ɗan damfara ya nuna wa mai POS alat na ƙarya, asarar tasa ce.

Ranar da aiki ya tsaya

Rana ɗaya takan isa ta tsai da irin wannan sana'a. A watan Janairu 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa a birni. A watan Fabrairu 2020 gwamnatin Legas ta hana babur ɗaukar fasinja a manyan sassan birnin. Kamfanin Gokada ya koma kai saƙo, OPay kuma ya dakatar da ORide a wannan shekarar. Masu tuƙi da yawa suka rasa abin yi.

Mutanen Maigatari ma sun ɗanɗana. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023 an rufe iyaka, ba a buɗe ba sai a watan Maris 2024. Ma'aikacin gwamnati ya ci gaba da karɓar albashinsa. Ɗan dako da ɗan acaɓa kuwa, da kaya suka ragu, abincinsu ne ya ragu.

Inda aka fara gyara

A Ingila, kotun ƙoli ta yanke hukunci a watan Fabrairu 2021 cewa direbobin Uber sun cancanci mafi ƙarancin lada da hutu da biya. Dalilinta shi ne kamfani ne yake yanke farashi, yake kuma juya direba yadda ya so. A 2024 Tarayyar Turai ta yi doka mai cewa in alamu sun nuna kamfani ne yake sarrafa mutum, to a ɗauke shi ma'aikaci ne, sai in kamfanin ya kawo hujjar akasin haka. A watan Yuni 2025 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince a Janeba a rubuta yarjejeniya kan masu aikin manhaja.

A Nijeriya, Ma'aikatar Ƙwadago ta ba ƙungiyar direbobin manhaja takardar rajista a watan Janairu 2023. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar, ƙungiyar ta kira yajin aiki tana neman a ƙara kuɗin mota a rage kamasho.

Abin da ya kamata matashi ya yi

Na farko, ya karanta sharuɗɗa kafin ya danna "na yarda" ko ya sa hannu. In bai iya ba, ya nemi amintacce ya karanta masa. Ya san nawa ne kamasho, da laifin da zai sa a rufe masa manhaja ko a karɓe na'ura.

Na biyu, ya yi lissafi a rubuce. A misali, direba ya yi cinikin naira 20,000 a yini. Kamfani ya cire 4,000, mai ya ci 8,000, mai mota ya karɓi balas 5,000, data ta ci 500. Abin da ya rage 2,500 ne, ba a yi maganar gyara da abinci ba. Ciniki daban, riba daban.

Na uku, ya gane inshorar da doka ta wajabta wa abin hawa tana biyan wanda aka buge ne, ba direba ba. Don lafiyarsa da ta iyalinsa, sai ya tambayi yadda ake shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na hukumar JICHMA ta Jihar Jigawa.

Na huɗu, ya yi tanadi. Tun 2019 hukumar fansho ta ƙasa ta buɗe wa masu sana'ar hannu hanyar tara fansho kaɗan-kaɗan. Adashi da kiwon 'yar tunkiya ma tanadi ne.

Na biyar, ya shiga ƙungiyar sana'arsa, ya riƙa biyan kuɗin taro, ya tabbata ana rubuta abin da aka tara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin dillalin kasuwa da kamfanin manhaja?
2. Me ya sa dokar diyya ta 2010 ba ta kai ga mafi yawan direbobin manhaja ba?
3. In ciniki ya kai naira 30,000, kamasho kuma kashi 25 cikin ɗari ne, nawa kamfani zai cire?
4. A lissafa sana'o'i 5 na aiki ɗaya biya ɗaya da ake yi a kasuwar da ta fi kusa, a faɗi wa yake taimaka wa mai yin kowacce in ya kwanta ciwo.