Darasi na Tara: Nahawu da Harshen Kwamfuta

9.1 Gabatarwa

Ɗalibin Hausa na iya tambayar abin da ya haɗa shi da tsara manhajar kwamfuta. Amsar ita ce nahawu. Manhaja jerin umarni ce da ake rubuta wa na'ura cikin harshe mai ƙayyadaddun kalmomi da tsayayyun dokokin ginin jimla. A wannan darasi za mu ɗauki harshen BASIC, mu gwada koya wa na'ura wata doka ta nahawun Hausa.

9.2 Harshen BASIC

Malamai biyu, John Kemeny da Thomas Kurtz, suka ƙirƙiro BASIC a Kwalejin Dartmouth ta Amurka a shekarar 1964, domin ɗaliban da ba na kimiyya ba su iya sarrafa kwamfuta. A yau harshen Python ya fi shi yaɗuwa, amma ga mai koyo BASIC bai rasa amfaninsa ba, domin kalmominsa kaɗan ne. INPUT na nufin "karɓi bayani", PRINT "rubuta a allo", IF da THEN da ELSE "idan kaza ne yi kaza, in ba haka ba yi kaza", GOTO kuma "koma layi kaza".

9.3 Gwaji da dirka

Mun sani a Daidaitacciyar Hausa suna jinsin mace yana ɗaukar dirka "ce", namiji kuma "ne". Mun kuma sani yawancin sunaye jinsin mace suna ƙarewa da wasalin "a". Ga wannan doka a samfurin QBasic, wanda ya fito a 1991:

10 INPUT S$
20 IF RIGHT$(S$,1) = "a" THEN PRINT S$; " ce" ELSE PRINT S$; " ne"
30 GOTO 10

Layi na 10 yana karɓar kalma ya adana ta a ma'ajiyar da muka raɗa wa suna S$. Layi na 20 yana duba harafin ƙarshe na kalmar ya zaɓi dirka. Layi na 30 yana mayar da na'urar farko don ta jira wata kalma.

Idan aka ba ta "riga" za ta rubuta "riga ce". Aka ba ta "doki", ta ce "doki ne". To amma a ba ta "gida". Nan take za ta rubuta "gida ce", haka kuma za ta yi wa "ruwa" da "nama" da "suna". Ita kanta kalmar "mace" sai ta fito "mace ne". Jam'i irin "riguna" zai zama "riguna ce", alhali kowane jam'i "ne" yake ɗauka. Sannan ga sunayen garuruwa da unguwanni, waɗanda mata ne ko da wane wasali suka ƙare: za ta dace a "Barnawa ce", ta faɗi a Kakuri da Narayi.

Na'urar ba ta yi kuskure ba. Dokar da muka ba ta ce ba ta cika ba. Yaro Bahaushe yana tsintar waɗannan togace-togace a bakin iyayensa ba tare da an zayyana masa ba, ita kuwa kwamfuta sai an lissafa mata su ɗaya bayan ɗaya, kuma dole a duba su kafin layi na 20, domin tana bin umarni ne bi da bi.

Akwai abin lura ga wanda zai koyar a kudancin Kogin Kaduna. A Kakuri da Sabon Tasha da Narayi, inda Hausa take haɗa Gbagyi da Bajju da Atyap da Ibo a kasuwa, sau da yawa za a ji "mota ne", "yarinya ne". Manhajar wannan karin harshe ba ta ma buƙatar IF. Ba abin raini ba ne, amma ba shi ake nema a jarrabawa ba. Ɗalibin da ya tashi da shi, kamar na'urar, bai gaji jinsi a kunne ba, don haka malamin da ya tsaya a kan "duk mai ƙarewa da 'a' mace ce" zai girbi "gida ce" a takardun ɗalibansa.

9.4 Jinga

1. Kawo sunaye goma jinsin namiji masu ƙarewa da "a".
2. Ƙara layi na 15 wanda zai sa na'urar ta rubuta "gida ne", sannan ta koma layi na 10.
3. Wace dabara za ka bi don na'urar ta bambance "riguna" da "fitila"? Bayyana ta da Hausa kafin ka rubuta ta da BASIC.