FILAYEN JIRAGEN SAMA NA JIHOHI: TSAKANIN "FAƊAƊA" DA "BUNƘASA"

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ke sauraron labarun Hausa a rediyo, ko yake karanta jaridun Hausa, ya san ba a daɗewa ba a ji maganar filin jirgin sama ba. Yau a ce gwamnan jiha kaza ya aza harsashin sabon fili, gobe a ce wani ya ƙara tsawon titin jirage, jibi kuma a ce an ɗaga darajar wani fili ya zama na ƙasa da ƙasa. Kalmomi biyu ne suka fi yawan fitowa a irin waɗannan labarai, wato "faɗaɗa" da "bunƙasa", kuma akan yi amfani da su tamkar ma'anarsu ɗaya. Wannan muƙala za ta duba kalmomin da Hausa ke amfani da su a harkar sufurin sama, sannan ta auna waɗannan kalmomi biyu da abin da ya faru a wasu filaye na jihohin Nijeriya. Da yawa daga cikinmu aikin fassara da aikin jarida ne ke jiranmu, saboda haka ya kamata mu san bambancin tun muna aji.

2.0 Yadda Hausa ta sama wa jirgin sama kalmomi

Kalmar "jirgi" ta girmi jirgin sama nesa ba kusa ba. Asalinta abin da ake fito da shi ne a ruwa. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, Bahaushe bai ari sunan Turanci ba, sai ya ce "jirgin ƙasa". Da mai tashi ya zo ya ce "jirgin sama", na asalin kuma ya koma "jirgin ruwa". Dukkansu ukun harɗaɗɗun sunaye ne da mahaɗin -n ya ɗaure. Jam'in jirgi shi ne "jirage", don haka idan filayen suna da yawa sai a ce "filayen jiragen sama".

Hanyoyi uku Hausa ta fi bi wajen samar da sauran kalmomin:

(a) Faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma. "Hasumiya" a da ta masallaci ce, irin ta Gobarau a Katsina, yanzu kuma har da dogon ginin da ake ba jirage umarni daga cikinsa. "Matuƙi" ya fito daga "tuƙa", aikin mai kwalekwale, da ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -i. "Ya da zango" kuwa maganar fatake ce, amma a yau jirgin da ya tsaya a wani gari kafin ya wuce shi ma ya ya da zango.

(b) Siffantawa. Misalin da ya fi shahara shi ne "jirgi mai saukar ungulu", domin yana dira ne kai tsaye ba ya bukatar titi.

(c) Aro, kamar fasinja da tikiti da fasfo da biza da kwastan.

Aikatau biyu ne ke riƙe da dukkan harkar, wato "tashi" da "sauka". Ya kamata mai koyo ya lura da yadda suke sauya siga: jirgi ya sauka, fasinja ya sauko, ma'aikata sun sauke kaya, matuƙi ya saukar da jirgi. Haka nan jirgi ya tashi daga Legas, amma wanda ke jira a Inugu zai ce jirgin ya taso, domin wajensa ya nufo.

3.0 Taƙaitaccen tarihi

A 1925 ne jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zuwa Kano daga Khartum, shi ya sa ake ɗaukar filin Kano, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Malam Aminu Kano, a matsayin mafi daɗewa a ƙasar nan. An kafa kamfanin Nigeria Airways a 1958, kuma da yake na gwamnati ne, yakan je garuruwa irin su Jos da Yola da Sakkwato da Kalaba da Benin ba tare da riba ce kaɗai ke jan sa ba. Kamfanin ya durƙushe a 2003, jigilar cikin gida ta koma hannun kamfanoni masu zaman kansu, waɗanda ba sa zuwa inda ba za su mai da kuɗinsu ba.

A ɗaya ɓangaren kuma jihohi sun yi ta ƙaruwa, daga 12 a 1967 zuwa 19 a 1976, har suka kai 36 a 1996. Kusan kowace sabuwar hedikwatar jiha tana son nata filin. Hukumar FAAN ce ke tafiyar da filayen Gwamnatin Tarayya, hukumar NCAA kuma ita ke ba da izini tana sa ido kan ƙa'idoji, amma gwamnatocin jihohi da dama sun gina nasu da kuɗin jiha. To sai dai har yanzu filayen Legas da Abuja ne ke ɗauke da mafi yawan fasinjojin ƙasar.

4.0 Bambancin kalmomin a nahawu

"Faɗaɗa" ta samo asali daga sunan "faɗi", kamar yadda "zurfafa" ta fito daga "zurfi", "ƙarfafa" kuma daga "ƙarfi". Aikatau ne so-karɓau: dole a sami mai yi da kuma abin da aka yi wa. "Gwamna ya faɗaɗa fili." Da kuɗi da ɗan kwangila aikin ya kammala, kuma ana iya auna shi da mita.

"Bunƙasa" fuska biyu gare ta, karin sauti ne ke raba su. Akwai so-karɓau mai karin sama-ƙasa-sama, kamar a "sun bunƙasa kasuwanci". Akwai kuma ƙi-karɓau mai karin ƙasa-sama-ƙasa, kamar a "kasuwa ta bunƙasa". Wannan ta biyun ita ce abin dubawarmu. Babu mai aikata ta daga waje, abin ne da kansa yake haɓaka. Filin jirgi yana bunƙasa ne idan jirage suna sauka suna tashi a kan kari, fasinjoji suna ƙaruwa, masu tasi da masu abinci da masu otal suna samun ciniki a gefensa. Gwamna yana iya ba da umarnin a faɗaɗa, amma ba ya iya ba da umarnin a cika kujerun jirgi kullum.

5.0 Misalai huɗu

5.1 Owerri. An fara aikin wannan fili a zamanin Gwamna Sam Mbakwe, wanda ya mulki Jihar Imo daga 1979 zuwa 1983, kuma jama'ar jihar ne suka yi karo-karo wajen gina shi. An buɗe shi a 1994, daga baya ya koma hannun Gwamnatin Tarayya. Abin lura a nan shi ne bukata ta riga gini. Mutanen yankin 'yan kasuwa ne, suna da 'yan'uwa barjat a Legas da ƙasashen waje, shi ya sa filin bai rasa fasinja ba, musamman a ƙarshen shekara lokacin komawa gida.

5.2 Uyo. Gwamnatin Akwa Ibom ce ta gina filin, ya fara aiki a 2009. Shekara goma bayan haka, a watan Yuni na 2019, jihar ta fara jigila da kamfaninta na kanta, Ibom Air, da jirage matsakaita samfurin CRJ900. Wato jihar ba ta tsaya jiran wasu kamfanoni su ga dama ba, ta samar da jirgin da Uyo ce gidansa. Jihar Inugu ma ta bi wannan sawu a 2025 da kamfanin Enugu Air. Sai dai hanya ce mai tsada, domin idan aka yi asara, baitulmalin jiha ne zai ji a jikinsa.

5.3 Asaba da Umueri. Filin Asaba na Jihar Delta ya fara aiki a 2011, kuma babban abin da ya taimake shi shi ne kasuwar Anacha, wadda kogin Kwara ne kawai ya raba ta da Asaba. A ƙarshen 2021 Jihar Anambra ta buɗe nata filin a Umueri, wanda aka sa wa sunan marubuci Chinua Achebe a 2023. Ga kuma Owerri da Inugu duk a kusa. Filaye sun ƙaru a yankin, amma matafiyan da za a raba kusan su ne dai na jiya.

5.4 Kaduna. A watan Maris na 2017 an rufe filin Abuja na mako shida domin gyaran titin jirage, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna bayan an yi wa filin gyare-gyare cikin gaggawa. Filin ya cika maƙil a makonnin nan, ko da yake akasarin kamfanonin waje sun ƙi zuwa, na Habasha ne ya yi fice wajen amsa kira. Da aka buɗe Abuja a watan Afrilu, mafi yawan zirga-zirgar ta koma inda ta fito. An faɗaɗa, amma cikar ta aro ce.

6.0 Me ke kawo jirgi gari?

Kamfanin jirgi lissafi yake yi kafin ya sa gari a jadawalinsa. Na farko, yawan masu tafiya, kuma a kowane mako, ba sai lokacin biki ko taron siyasa ba. Jirgi mai kujera 150 da ya tashi da mutum 30 man da zai sha kusan ɗaya ne da na wanda ya cika. Na biyu, kuɗin da kamfani ke kashewa wajen hayar jirgi da kayan gyara da inshora galibi da dala ne, alhali da naira yake sayar da tikiti, don haka duk lokacin da naira ta faɗi, ƙananan garuruwa ne ake fara yankewa.

Na uku, kayan aikin filin. Filin da babu fitilu a titinsa rufewa yake yi da faɗuwar rana, jirgin da ya makara sai dai a soke tafiyar. Lokacin hunturu kuma hazo kan hana matuƙi ganin titi, sai filin da ke da na'urar da ke jagorantar jirgi har ƙasa. Titin kansa yana bukatar kulawa: lalacewarsa ce ta sa aka rufe filin Akanu Ibiam na Inugu daga watan Agusta na 2019 har zuwa Agusta na 2020.

Na huɗu, gasar hanyar ƙasa. Mai zuwa Legas daga Ibadan yana da babbar hanyar mota, ga kuma jirgin ƙasa na zamani tun 2021, saboda haka da wuya ya nemi jirgin sama. Nesa ce ke sayar da tikiti.

Akwai kuma filayen da cinikinsu na lokaci ne. Filaye irin na Dutse da Birnin Kebbi, waɗanda aka buɗe a 2014, sukan cika lokacin jigilar maniyyata da dawo da alhazai. Wannan amfani ne na gaske, domin ya rage wa tsofaffi doguwar tafiya zuwa wata jiha, amma 'yan makonni ne a shekara, albashin ma'aikata da kuɗin wuta da tsaro kuwa na wata goma sha biyu ne.

7.0 Abin lura ga mai fassara

Mai sauraron rediyon Hausa a ƙauye kuɗin harajinsa ne aka yi aikin da su, kuma ta bakin mai fassara yake sanin abin da aka yi. Don haka a kiyaye waɗannan:

(a) "An aza harsashi", "an kammala", "an ƙaddamar" da "an fara jigila" matakai huɗu ne daban-daban. Jirgin gwaji ko na gwamna ya sauka ranar biki ba ya nufin an fara jigilar fasinja.

(b) Sunan "na ƙasa da ƙasa" yana kan allunan filaye da yawa. Kafin a ce fili yana hulɗa da ƙasashen waje, a bincika ko akwai jirgin da ke zuwa a kai a kai, kamar yadda kamfanin Habasha ya fara zuwa Inugu a 2013.

(c) Idan labarin gini ne da ƙarin tsawon titi, a ce "faɗaɗa" ko "inganta". A ajiye "ya bunƙasa" sai an ga ƙaruwar jirage da fasinjoji.

8.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna yadda Hausa ta sama wa sufurin sama kalmomi ta hanyar faɗaɗa ma'ana da siffantawa da aro, ta kuma bambanta "faɗaɗa" da "bunƙasa" a nahawu da kuma a aikace. Misalan Owerri da Uyo da Asaba da Kaduna sun nuna cewa fili yana rayuwa ne da matafiyan da ke kewaye da shi da kuma kamfanin da ya yarda ya riƙa zuwa. Masu iya magana sun ce, ba girin-girin ba, ta yi mai. Ɗalibin da ya riƙe wannan bambanci zai ba mai sauraronsa labarin da zai iya auna aikin shugabanninsa da shi.

Auna fahimta

1. Kawo harɗaɗɗun sunaye biyar da suka fara da "jirgin" ko "filin", ka bayyana ma'anar kowanne.
2. Yi jimla ɗaya-ɗaya da sauka, sauko, sauke da saukar da.
3. Samo aikatau uku da aka gina kamar "faɗaɗa", ban da waɗanda aka ambata, tare da sunayen da suka fito daga gare su.
4. Rubuta labarin rediyo na jimla biyar a kan filin jirgin sama mafi kusa da garinku, ka nuna ko faɗaɗa shi aka yi ko kuwa ya bunƙasa.