Matakai Bakwai Na Zaɓen Kayan Haɗa Kwamfutar Gem Mai Ƙarfi

Duk wanda ya tashi haɗa kwamfutar gem da hannunsa, abin da ya fi cin kuɗinsa a banza shi ne sayen kaya ɗaiɗai ba tare da tsari ba: yau ya ga furosesa mai tsada ya ɗauka, gobe ya gano ba ta shiga madabod ɗin da ya saya. Kayan nan kamar ingarma ne da sirdinsa, dole su dace da juna. Ga tsarin da ya kamata ka bi.

1. Fara da allon kallo

Allon ne zai gaya maka ƙarfin da kake buƙata. Allon 1440p yana da ɗigon hoto kusan miliyan 3.7, na 4K kuwa kusan miliyan 8.3, wato aikin da katin hoto zai yi ya ninka fiye da sau biyu. Idan gasar harbi irin Counter-Strike 2 ce a gabanka, ɗauki 1440p mai sabunta hoto sau 240 a daƙiƙa. Idan kyawun hoto kake so a wasa irin Cyberpunk 2077, nufi 4K.

2. Zaɓi katin hoto

Nan ne kaso mafi tsoka na kuɗinka zai tafi. A Janairun 2025 Nvidia ta fitar da RTX 5090 mai gigabait 32 na ma'adana, a kan dala 1,999, yana kuma shan wuta har wat 575. Ƙaninsa RTX 5080 mai gigabait 16 ya fito a kan dala 999, yana shan wat 360. A Maris na shekarar AMD ta kawo Radeon RX 9070 XT mai gigabait 16 a kan dala 599. Waɗannan farashin da kamfanonin suka sanar ne, a kasuwa sau da yawa sai ka ƙara. Mai allon 1440p da ya sayi 5090 ya sayi tirela ne don ɗaukar buhu goma. 5080 ko 9070 XT sun ishe shi. Sai dai kada ka yarda da katin da bai kai gigabait 16 ba a wannan aji.

3. Zaɓi furosesa

Wasa bai damu da yawan ƙwayoyin aiki kamar yadda tace bidiyo ya damu ba. Abin da ya fi so shi ne ma'ajiyar kusa mai faɗi, inda furosesa ke ajiye bayanan da take yawan waiwaya. Shi ya sa Ryzen 7 9800X3D ta AMD, wadda ta fito a Nuwamban 2024 da ƙwayoyi takwas kacal da megabait 96 na wannan ma'ajiya, take kayar da Core Ultra 9 285K ta Intel mai ƙwayoyi 24 a yawancin wasanni. Idan kana haɗa gem da aikin tace bidiyo, duba Ryzen 9 9950X3D mai ƙwayoyi 16.

4. Madabod da RAM

Furosesa ce ke zaɓar madabod. Ryzen na yanzu suna zama a gurbin AM5, Core Ultra kuma a LGA1851, ɗaya ba ya karɓar ɗaya. A ɓangaren AM5, madabod mai B850 ya wadatar. X870E sai mai buƙatar ƙarin guraben SSD da USB4. Tsadar madabod ba ta ƙara wa wasa gudu.

RAM kuwa, sayi gigabait 32 na DDR5-6000, sanda biyu masu 16 kowacce a fakiti ɗaya. Saka su a gurbi na biyu da na huɗu daga furosesa, sannan ka shiga BIOS ka kunna EXPO, ko XMP idan Intel ce. Mutane da yawa kan manta wannan, RAM ɗinsu ya yi ta tafiya ƙasa da gudun da suka biya.

5. Ma'ajiya

Wasannin yanzu da dama sun haura gigabait 100, saboda haka fara da SSD nau'in NVMe mai terabait 2. Na PCIe 4.0 yana kai megabait 7,000 a daƙiƙa. Na PCIe 5.0 ya kusa ninka hakan a takarda, amma wajen buɗe wasa da ƙyar za ka ga bambanci, ga shi ya fi zafi da tsada.

6. Na'urar raba wuta

A nan ne araha ba ta ado. Fawa-saflai, wato na'urar raba wutar, mara inganci idan ya ƙone yakan tafi da maƙwabtansa. Nvidia ta ba da shawarar wat 1,000 ga 5090, wat 850 ga 5080. Nemi mai ƙa'idar ATX 3.1 da shaidar 80 Plus Gold, wanda ya zo da wayarsa ta 12V-2x6. Tura wayar cikin katin har ka ji ta kulle. Rashin zamanta daram ne ya narkar da bakin wasu katunan RTX 4090 a 2022. Ga mu da wuta ke ɗaukewa tana dawowa da ƙarfi, sa kuɗin UPS mai ba da tsaftatacciyar wuta cikin lissafi tun farko, kuma kada ka jona kwamfutar kai tsaye a ƙaramin janareta.

7. Akwati da sanyaya

Auna kafin ka biya: manyan katunan nan sukan wuce santimita 30, wasu akwatunan ba sa ɗaukarsu. Zaɓi akwati mai raga a gaba, ba gilashi rufe ruf ba, mai matatar ƙura da ake cirewa a wanke. Wanda ya san ƙurar hunturu da zafin Afrilu a Kano ko Damagaram ya san dalili. Don sanyaya furosesa, babbar fanka irin Noctua NH-D15 ta isa 9800X3D, kuma ba ta da famfon da zai mutu irin na mai sanyaya da ruwa. Mai sanyaya da ruwa na milimita 360 ya fi dacewa da furosesa mai ƙwayoyi 16 zuwa sama.

Kafin ka tura wa kowa kuɗi, jera kayan duka a shafin PCPartPicker ya duba maka ko sun dace da juna, ka kuma nemi rasit da garanti a rubuce. Idan kuɗi suka gaza, rage daga fitilun ado da madabod, amma kada ka taɓa kason katin hoto da na fawa-saflai.