Guguwar da Ke Mutuwa a Tsakiyar Teku

 Wasiƙu sun taru yau a filin amsa tambayoyinku, agogo kuma ba ya jiran kowa, don haka bari in fara da wadda ta fi ɗaukar hankalina. Wani bawan Allah daga Maraɗi ya rubuto cewa yakan ji a labarai guguwa ta taso a tekun Atlantika, har an raɗa mata suna, bayan kwana biyu ko uku kuma a ce ta mutu ba ta taɓa ko bukka ɗaya ba. Shi ne yake tambaya, bin diddigin irin wannan guguwa ba ɓarnar kuɗi da lokaci ba ne? Malam, tambayarka tana da ma'ana, amma ban yarda da kai ba.

Ka san cewa da yawa daga cikin guguwoyin nan ta saman kanka suka wuce kafin su ga teku? A damina akwai wata kaɗawar iska da ke tasowa daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur, ta ratsa Chadi da Nijar da arewacin Najeriya da Mali tana jan hadari, ta faɗa teku ta gaɓar Senegal. Masana yanayi sun ce ana samun irinta kimanin 60 a shekara, kuma yawancin manyan guguwoyin Atlantika daga nan suka samo asali. Amma mafi yawan waɗannan kaɗawar iska ba sa zama komai. Kafin hadari ya rikiɗe ya zama guguwa sai ya tarar da ruwan teku mai ɗumin da ya kai wajen digiri 26 da rabi a ma'aunin salshiyas. Tururi ya tashi, ya zama gajimare, ya saki zafi, zafin ya ƙara jawo iska daga ƙasa, juyawar duniya kuma ta sa abin ya fara kewaya cibiya ɗaya. Idan gudun iskar ya kai kilomita 63 a awa, nan ne cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Miami take ba ta suna. Sai ta kai 119 sannan a kira ta mahaukaciya.

Ɗauki Vicky ta shekarar 2020. Hadarin da ya haife ta ya bar gaɓar Afirka ranar 11 ga Satumba. Ranar 14 ta samu suna a yamma da tsibiran Cape Verde, ta ɗan yi ƙarfi har wajen kilomita 85 a awa, ranar 17 kuma ta watse. Me ya kashe ta? Wata babbar guguwa, Teddy, tana yamma da ita tana feso iska mai ƙarfi ta can sama. Ita guguwa tana son ta tsaya a miƙe ne, kamar hayaƙin murhu a ranar da babu iska. Da zarar iskar sama ta tunkuɗe kanta gefe ɗaya ta bar gindin a baya, gajimaren ya rabu da cibiyar, to ta gama. Wasu kuma busasshiyar iskar Sahara mai ƙura ce ke shaƙe su, wasu su yi arewa su hau ruwa mai sanyi, tururin da suke rayuwa da shi ya yanke.

Yanzu za ka ce, to ai ga shi, ta mutu da kanta. Haka ne, amma bayan ta mutu ne muka sani. A ranar da aka raɗa suna babu wanda ke da tabbas. A watan Agusta na 1992 guguwar Andrew, wadda ita ma daga gaɓar Afirka ta fito, ta yi rauni a tsakiyar teku har jirgin saman da aka aika ya leƙa ta da ƙyar ya gano cibiyarta. Kwana huɗu bayan haka, ranar 24 ga wata, ta afka wa kudancin Florida da ƙarfi mafi girma a ma'aunin guguwa, ta yi ɓarnar sama da dala biliyan 25. Da an ɗauke ido daga kanta ranar da ta yi laushi, wa zai gargaɗi mutane? Sannan tsakiyar tekun da kake gani kamar babu kowa, hanyar jiragen ruwa ce masu dakon mai da hatsi, da mutane a cikinsu. Ita kanta Vicky, tun kafin ta samu suna hadarinta ya haddasa ambaliya a Praia, babban birnin Cape Verde, har aka rasa rai.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne wajen ƙidaya. A da, kafin tauraron ɗan'adam, guguwar kwana biyu takan zo ta wuce babu wanda ya gan ta. Yau kowace ana kama ta. Shi ya sa wasu masana ke cewa idan ka ji an ce guguwa 30 aka raɗa wa suna a Atlantika a 2020, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, to wani ɓangare na ƙaruwar daga kaifin na'ura ne. Wannan dalili ne na yin hattara da alƙaluma, amma bai hana a ci gaba da sa ido ba.

Wata baiwar Allah daga Zariya, da wasu mutum uku, sun sake tambayar ko irin wannan guguwa za ta iya zuwa Kano ko Legas. Haba jama'a, wannan tambaya kullum sai ta zo! Guguwoyin nan yamma suke nufa, suna nesanta da mu. Abin da ya kamata ku ji tsoro shi ne ambaliyar damina da magudanan ruwan da kuka cika da leda. Wani matashi kuma daga Kumasi yana son sanin ko aljanu ne a cikin guguwa. Ɗana, wannan ka kai wa malamanka, ni iska da ruwa aka tambaye ni.

Lokaci ya ƙure. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, kuma don Allah ku riƙa rubuta garin da kuke a saman takarda.