FITAR BAYA GA KAZA MAI ƘWAI: YADDA AKE MAGANCE TA A GIDA

Shawara ga masu kiwon kaji na Zawaciki da kewaye

Malam manomi, kaza mai ƙwai jari ce. Ka ciyar da ita wata huɗu ko biyar kafin ta ba ka ƙwan fari, ga shi kuwa abincin kaji ba araha. To, akwai wata matsala wadda takan kashe irin wannan kaza cikin wuni ɗaya, sau da yawa daidai lokacin da ta fara mayar maka da kuɗinka. Ita ce fitar baya. Wannan takarda za ta nuna maka yadda za ka gane ta, da abin da za ka yi da hannunka, da lokacin da ya kamata ka haƙura.

MECE CE FITAR BAYA?

Ƙwai yakan ɗauki kamar awa 25 yana haɗuwa a cikin kaza. Sa'ad da za ta saka shi, ƙarshen hanyar ƙwai yakan juyo waje kaɗan ta dubura, ƙwai ya faɗo, sa'an nan naman ya koma ciki nan da nan. Haka kowace kaza take yi. In naman nan ya kumbura, ko jijiyoyin wurin suka saki, sai ya kasa komawa. Za ka ga jan nama mai danshi ya leƙo ƙarƙashin wutsiya.

Ba cuta ce mai yaɗuwa ba, kamar farin kashi ko murar tsuntsaye. Haɗarinta daga sauran kaji yake. Kaza ba ta ganin jan abu ta ƙyale. Da ɗaya ta kai sara, jini ya fito, sai duka su taru a kanta, har su jawo hanjinta waje.

ALAMUN DA ZA KA LURA DA SU

1. Jini a jikin ɓawon ƙwai. Wannan ita ce alamar farko, kada ka raina ta.
2. Gashin gindin kaza ya jiƙe da kashi ko jini.
3. Kaza ta ware kanta, ta saki wutsiya, tana yunƙuri kamar mai son saka ƙwai.
4. Jini a bakin waɗansu kaji.

Kaji sun fi saka ƙwai daga safe zuwa azahar. A Zawaciki kuwa magidanta da yawa sun riga sun fita aiki Challawa, ko Sharada, ko Bompai a wannan lokaci, sai yamma su dawo. Saboda haka lalle ne ka karanta wa uwargida da manyan yara wannan takarda. Su ne za su gani, su ne kuma za su ceci kazar. A riƙa leƙa akurki da hantsi da kuma azahar.

ME KE KAWO TA?

Fara ƙwai da wuri. Kajin gidan gona irin su Isa Brown da Shika Brown sukan fara ƙwai suna da mako 18 zuwa 20, nauyinsu ya kai kilo 1 da rabi ko kusa da haka. Sagarar da aka matsa mata ta fara kafin ƙugunta ya buɗe, ita ce ta fi shiga wannan hali.

Yawan haske. Tsawon rana shi ke gaya wa jikin kaza ta yi ƙwai. A Kano rana takan kai kamar awa 12 duk shekara. In ka bar ƙwan lantarki ko fitilar sola tana ci a akurki har asuba, ka tilasta wa sagara fara ƙwai kafin lokacinta.

Ƙiba. Kazar da ake cika wa masara da ragowar tuwo da shinkafa takan tara kitse a ciki, hanyar ƙwai ta matse.

Ƙaton ƙwai. Ƙwai mai gwaiduwa biyu abin sha'awa ne a faranti, amma wahala ne ga kaza.

Ƙarancin sinadarin kalsiyam. Ɓawon ƙwai ɗaya yana cin kamar giram 2 na kalsiyam, kaza kuwa tana bukatar kamar giram 4 kowace rana. Da shi ne kuma jijiyoyi ke samun ƙarfin tura ƙwai da mayar da nama ciki. Dusar alkama da tunkuza da muke samu cikin sauƙi a nan Kano suna da amfani, amma kalsiyam ɗinsu kaɗan ne ƙwarai. A watannin bazara, watau Maris zuwa Mayu, zafi yakan rage wa kaji cin abinci, ƙarancin ya ƙaru.

Zawo da tsutsar ciki. Yawan yunƙuri yana gajiyar da wurin.

ABIN DA ZA KA TANADA

Tafasasshen ruwa da ya huce ya zama ɗumi, gishiri, sukari ko zuma, auduga ko tsumma mai tsabta, man basilin marar ƙamshi, sabulu, da kwando ko kwali.

YADDA ZA KA YI

1. Ka fid da kazar daga cikin sauran nan take. Ko ba ka iya komai ba, wannan kaɗai yana iya ceton ranta.

2. Ka yanke farcenka, ka wanke hannu da sabulu. In da safar hannu, ka sa. Wani ya riƙe maka kazar, ya rufe mata kai da ƙyalle don ta natsu, ya ɗan ɗaga gindinta sama.

3. Ka zuba gishiri cokalin shayi 1 cikin rabin lita na ruwan ɗumi, watau daidai ledar fiya wata ɗaya. Ka wanke naman a hankali har kashi da ƙasa su fita. Ka datse gashin da ya manne da almakashi.

4. Ka dubi naman da kyau. In ja ne, ko ruwan hoda, bai yage ba, to ci gaba.

5. In ya kumbura, ka barbaɗa masa sukari ko ka shafa zuma, ka jira minti 15. Sukari yana tsotse ruwan kumburi. Sa'an nan ka ɗauraye.

6. Ka taɓa cikin kazar ta waje. In ka ji ƙwai ya tsaya, kada ka matse shi, don in ya fashe a ciki ɓawon zai yanke ta. Ka zaunar da gindinta cikin ruwan ɗumi minti 15, ka shafa mai, ka ba ta lokaci. In bai fito ba, sai likita.

7. Ka shafa basilin a yatsanka da kan naman. Ka tura shi ciki sannu sannu, kana farawa daga gefe. Ban da ƙarfi. In ya shiga, ka dafe wurin da auduga kamar minti 5.

8. In ya sake fitowa, ka maimaita safe da yamma. Haka yakan yi a kwanakin farko.

Kada ka sa kananzir, ko baƙin mai, ko toka, ko kanwa, ko barkono. Duk ƙona naman suke yi.

JINYA BAYAN AN MAYAR

Abin da ake so shi ne kazar ta daina ƙwai na ɗan lokaci, wurin ya warke. Ka ajiye ta ita kaɗai a wuri mai duhu da iska, haske kada ya wuce awa 8 a rana. Ka janye abincin masu ƙwai, ka ba ta dawa ko gero kaɗan da ɗanyen ganye har kwana 7. Ruwa kuwa kada ya yanke. Ka ajiye mata ɓawon kawa ko dakakken ɓawon ƙwai da aka gasa. Ka kare ta daga ƙuda, don sukan yi tsutsa a wurin. Kada ka mai da ita cikin sauran sai ja da kumburi sun ɓace sarai.

In likita ya ba da maganin ƙwayoyin cuta, ka tambaye shi kwana nawa za a yi kafin a ci ƙwanta ko namanta. Kada ka sayar wa mutane ƙwai mai magani a ciki.

YAUSHE ZA KA HAƘURA?

In naman ya yi baƙi, ko yana wari, ko an yage shi, ko hanji ya fito, aikin ya fi ƙarfin gida. Haka kuma in kwana 3 sun wuce yana ta fitowa. Likitan dabbobi yana iya yi mata ɗinki, amma ka auna kuɗin aikin da kuɗin kazar. In raunin sabo ne, ba ta sha magani ba, gara ka yanka ta iyali su ci, da ta kwana ta zama mushe. Sabo da kaza ba ya hana yanka. Wadda wurin ya riga ya ruɓe kuwa, a yanka a binne. Ka sani kuma, wadda ta taɓa yi tana iya sakewa, don haka kada ka bar ta ta zama uwar kiwo.

RIGAKAFI

1. Kada ka ƙara wa sagaru haske sai sun kai mako 17 ko 18, jikinsu ya cika. Sa'an nan ka riƙa ƙara rabin awa kowane mako. Rana da fitila duka kada su wuce awa 16.
2. Kowace kaza mai ƙwai ta sami giram 110 zuwa 120 na abincin masu ƙwai a rana. Kada ka cika shi da dusa don ya yi auki.
3. Ka ajiye ɓawon kawa a wani mazubi dabam, su ci yadda suke so.
4. Ka yi gurbin ƙwai 1 ga kowaɗanne kaji 5, a wuri mai duhu, don sauran kada su ga jan naman lokacin saka ƙwai.
5. Kada ka cunkusa su. Kaji 5 ko 6 sun isa a fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1.
6. Ka rataya musu ganye su riƙa tsattsaga, ka fid da duk kazar da ta koyi sarar 'yan'uwanta.
7. Ka ba da maganin tsutsar ciki bisa shawarar likita.

In kaza ɗaya ce ta yi, matsalar tata ce. In biyu ko uku suka yi cikin mako guda, to ka binciki abinci da fitila, nan laifin yake. Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na KNARDA, ko sashen aikin gona na ƙaramar hukumar Kumbotso, ko asibitin dabbobi mafi kusa da kai.